SHARHI: Fasasshen madubin mota, da hukumomin da ke karɓa ba su biya

Duk wanda ya tsaya ya ƙare wa motocin haya da ke lodi a tashoshin Gusau kallo, musamman masu bin hanyar Wanke zuwa Magami da Ɗansadau, da wuya ya rasa ganin madubin gefe da aka ɗaure da roba, ko wanda aka naɗe da salatif, ko kuma gurbinsa kawai, babu shi babu alamarsa. Haka abin yake a Tsafe da Bunguɗu, inda tireloli da ƙananan motoci da babura ke gogayya a kan babbar hanyar Funtua zuwa Sakkwato. Ido ya saba da ganin haka har ya daina ɗaukarsa a matsayin matsala.

A jihar da ake kwana ana tashi da labarin kisa da satar mutane, maganar madubin mota na iya zama kamar neman magana. Sai dai ƙananan abubuwa sukan tona yadda ake tafiyar da mulki fiye da manyan jawabai. Daga ranar da madubi ya shigo ƙasar nan zuwa ranar da ya fashe, hannu uku ne ke miƙowa da sunan doka. Kwastan na karɓar haraji a tashar jiragen ruwa, kamfanin inshora na karɓar kuɗin shekara wanda gwamnati ta wajabta, jami'an hanya kuma na jiran tara. Amma ranar da za a yi gyara, direba ne kaɗai ke laluben aljihu.

Hanyar da waiwaye ke da tsada

Wanke na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gusau, tana kudu da babban birnin jihar, a yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba. A watan Nuwamba na 2024 kafafen yaɗa labarai sun ruwaito yadda aka kwashe mutane masu yawa daga garin, har da limaminsa. A watan Disamba na shekarar kuma, abubuwan fashewa da aka binne suka tashi da motoci a hanyoyin yankin Ɗansadau, aka rasa rayuka. Shekaru ke nan matafiya a wannan hanya suna jiran rakiyar jami'an tsaro, su tafi a ayari, mota na bin mota.

Madubi ba ya tare harsashi, kuma babu mai hankalin da zai ce shi ne maganin ta'addanci. Amma tafiyar ayari tana da nata sharuɗɗan. Motoci na tafiya kurkusa da juna cikin ƙura, kowane direba na kauce wa ramuka hagu da dama, babura na kutsawa ta kowane gefe, kuma babu wanda ke son a bar shi a baya. Motar da aka cika bayanta da buhunan masara ko waken suya ta riga ta rufe madubin ciki, don haka na gefe ne kaɗai idon direba a kan abin da ke biye da shi. Idan ta ɓaci a gaba aka buƙaci ja da baya ko juyawa cikin gaggawa, direban da ba shi da madubi sai ya leƙo da kai ta taga, ko ya dogara da ihun yaron mota.

Ko a hanyoyin da babu fargabar 'yan bindiga, lissafin bai da daɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran mota a Najeriya a 2024, sama da 5,081 da aka samu a 2023. Gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a jerin dalilai, amma wuce mota ba bisa ƙa'ida ba yana cikin abubuwan da hukumar ke lissafawa duk shekara, kuma babu yadda za a yi direba ya wuce wata mota lafiya bai ga bayansa ba.

Abin da ke cikin kwanson

Aikin cire madubi ba shi da wuya a yawancin motocin da ke yawo a Zamfara. Daga cikin ƙofa, a kusurwar da gilashin taga ya ƙare, akwai ɗan murfin roba mai kusurwa uku. Idan aka ɓamɓare shi a hankali, sai a tarar da notuna, galibi guda uku, waɗanda ke riƙe da ƙafar madubin. Idan madubin mai lantarki ne, ana fara zare soket ɗin wayarsa, sannan a kwance notunan, wani kuma yana tallafe da shi daga waje don kada ya faɗi ya kankare fenti. A wasu motocin sai an cire dukan murfin ƙofar kafin a kai ga soket ɗin. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Sau da yawa ma ba a buƙatar cire shi gaba ɗaya. Madubin gefe sassa huɗu ne: kwanson waje, da gilashin, da faifan robar da gilashin ke manne a kai, da ƙaramin injin da ke juya shi. Idan gilashin kaɗai ya tsage, ana karkatar da shi gefe guda, a zura wani abu mai faɗi ta bayansa, a ɓalle shi daga maƙalansa, a sa wani. Idan kuwa gaɓar da madubin ke lanƙwashewa a kanta ce ta karye, gam da roba ba sa dawo da ita. Madubin zai riƙa rawa da zarar mota ta ɗauki gudu, kuma madubin da ke karkarwa bai fi babu ba da komai.

A nan ne gyaran araha ke ɓoye haɗari. Da yawa daga cikin direbobi kan je wajen masu yankan gilashi a yanko musu madubin ɗaki daidai girman gurbin, a manna da gam. A ido aiki ya yi kyau. Amma madubin da kamfani ke sa wa ɓangaren fasinja yana da ɗan doro, an lanƙwasa shi da gangan domin ya ɗauko fili mai faɗi. Shi ya sa motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ke ɗauke da gargaɗi a jikinsa, cewa abin da ake gani ya fi kusa fiye da yadda ido ke zato. Madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, filin da yake nunawa ƙunci gare shi. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, direba na zaune ne a hagu, nesa da madubin dama. Ta wannan gefen ne kuma ɗan acaɓa da mai Keke Napep suka fi kutsowa. Direba zai duba ya ga babu kowa, alhali babur na daf da tayarsa ta baya. Ƙari a kan haka, gilashin da aka manna ba tare da faifansa na asali ba yakan ɓalle cikin sauƙi, zafin rana ya narkar da gam ɗin, rami ɗaya ya ƙarasa shi.

Me ya sa direba ke zaɓar wannan? Amsar tana kasuwa.

Dala ce ke yanke farashi

Kusan duk madubin da ake sayarwa a shagunan kayan gyara na Gusau daga waje ya fito. Ko dai sabo ne daga Chaina da makamantanta, ko kuma na hannu ne da aka ciro daga motocin Turai da Amurka, wanda ake kira ɗan Beljiyam. Hanyarsa sananniya ce: tashar jiragen ruwa ta Legas, kasuwar Ladipo ko ta Nnewi, daga nan Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kafin ya iso Zamfara. Kowane zango da kuɗin motarsa da ribar ɗan kasuwarsa.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A tsakiyar watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen Naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Lissafin a fili yake: kayan da ake sayowa Dala 10 a waje, wanda a da yake tashi Naira 4,600, ya koma 15,000 tun kafin ya sauka daga jirgi. Kwastan kuma na lissafa harajinta ne da sabon farashin Dalar, don haka abin da gwamnati ke karɓa a kan kayan ya ƙaru tare da wahalar mai saye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disamban 2024.

Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Wanke yana tashi da safe da jerin buƙatu: mai, kuɗin tasha, kason mai mota, cefanen gida. Taya da birki su ne ke hana mota tafiya idan suka lalace, madubi kuwa ba ya hana ta tashi. Shi ya sa kullum yake ƙarshen layi.

Tambayar da ta fi dacewa da 'yan siyasa ita ce dalilin da ya sa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ke jiran jirgin ruwa kafin ta sami kwanson roba da ɗan gilashi. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, duk da burin cewa sannu a hankali za a riƙa ƙera sassan a gida. Burin bai cika ba. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da sabon tsarin bunƙasa masana'antar motoci, ta ɗaga abin da ake biya kan motocin da ake shigowa da su zuwa kashi 70 cikin 100, rabi haraji rabi ƙarin kuɗin kariya. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudurin da zai mayar da tsarin doka. Dokar Kuɗi ta 2020 kuma ta zabtare ƙarin kuɗin daga kashi 35 zuwa 5. Babu mai jarin da zai kafa masana'antar sassan mota a inda ƙa'ida ke sauyawa da sauyin gwamnati.

Inshorar da ta zama takardar wucewa

A ƙa'ida, direban da wani ya fasa wa madubi bai kamata ya biya ko kwabo ba. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani. Ba ta gyara motar mai ita, tana biyan wanda aka cuta ne. Daga 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. An yanka wa Keke Napep Naira 5,000, babur kuma 3,000. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ta fara tilasta mallakar takardar a faɗin ƙasa.

An ninka kuɗin sau uku, an tura 'yan sanda su duba takarda. Abin da ba a gyara ba shi ne hanyar karɓar diyya. Wanda aka fasa wa madubi a Tsafe sai ya san kamfanin da ɗaya direban ke da inshora da shi, sai takardar ta kasance ta gaske ba ta bogi ba, sai ya tara hujjoji, galibi har da rahoton 'yan sanda da ƙiyasin bakanike, sannan ya bi kamfanin da hedikwatarsa ke Legas ko Abuja. Kafin ya gama wannan zirga-zirga ya kashe abin da ya fi kuɗin madubin, ga asarar kwanakin aiki. Da yawa ma ba su san suna da wannan haƙƙi ba, domin a wurinsu inshora takarda ce da ake nuna wa jami'i a shinge.

Saboda haka shari'ar madubi a bakin titi ake yanke ta. Jama'a su taru, a ɗaga murya, a ce tsautsayi ne, a ba da haƙuri. Idan mai laifin ɗan acaɓa ne da bai tara kuɗin mai ba, sai a yafe masa dole. Idan kuwa mai ƙarfi ne, sai ya ja motarsa ya tafi. Wannan ya saɓa wa dokar ƙasa, ya kuma saɓa wa abin da malaman fiƙihu suka tabbatar, cewa wanda ya lalata dukiyar wani lamuninta na kansa, ko da kuskure ne. Yafiya abin yabo ce idan mutum ya yi ta da zaɓinsa. Wadda aka yi don babu wata mafita, asara ce aka sake wa suna.

Akwai kuma waɗanda ke ƙyamar inshora saboda dalilin addini, abin da ba a raina shi a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Amma NAICOM ta daɗe da ba kamfanonin takaful lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, waɗanda ke aiki bisa tsarin taimakon juna. Ƙofar a buɗe take, masu shigar da direbobin tasha cikinta ne suka yi ƙaranci.

Tara ba ta sayen madubi

Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun sa madubi cikin kayan da dole mota ta kasance da su, kuma masu duba hakan ba su yi kaɗan ba. Akwai FRSC da aka kafa a 1988, akwai jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO, akwai 'yan sanda, ga kuma hukumar jiha, ZAROTA, takwarar KAROTA ta Kano. Motar da ba ta da madubi na iya faɗawa hannun kowannensu a rana guda.

Iyakar ikon waɗannan hukumomi ta riga ta kai gaban kotu. A ranar 2 ga Oktoba, 2024, Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da hurumin tsayar da motoci, ko ƙwace su, ko cin tarar direbobi, a ƙarar da lauya Abubakar Marshal ya shigar. Hukuncin ya shafi Abuja ne, jihohi na da nasu dokokin. Amma ya buɗe tambayar da ta dace a yi a ko'ina: wace doka ce ta ba jami'i ikon karɓar kuɗi, kuma ina kuɗin ke shiga?

Matsalar tara a wannan yanayi ita ce tana cinye kuɗin gyara. Direban da ya kasa sayen madubi jiya, idan aka karɓe abin da ya samu yau, gobe ma haka zai fito da motar. Idan kuma aka daidaita a gefen titi ba tare da rasit ba, to asusun gwamnati bai samu ba, motar ba ta gyaru ba, fasinja na nan cikin haɗarinsa. Sannan duba lafiyar mota ya fi yawa a cikin gari da kan manyan tituna, inda tsayawa ba ta da haɗari. A hanyoyin karkara irin ta Wanke, inda rami da gargada ke kwance notuna suna karya gaɓoɓi, hukumar da ke cin tara ba ta da abin cewa kan hanyar da ta jawo lalacewar.

Kason direba

Duk wannan ba ya wanke direba. Wanda ya ɗauki rayukan mutane a motarsa amana ya ɗauka, kuma fasinjan da ya biya kuɗin mota bai ci bashin Dala ba. Akwai sakacin da talauci ba ya bayyana shi. 'Yan acaɓa da dama kan kwance madubin sabon babur da hannunsu tun ranar da aka saye shi, wasu don su ji daɗin kutse cikin cunkoso, wasu don gayu. Akwai direbobin da madubinsu lafiya lau yake amma a naɗe, ko yana kallon sama. Daidaita madubi kafin tashi ba ya cin ko sisi. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke karɓar kuɗi a kan kowace motar da ta yi lodi, suna da ikon hana mota marar madubi shiga layi, kuma sun fi kowane jami'i sanin motocin tasharsu.

Abin da ke hannun Gusau

Farashin Dala da tsarin masana'antu a Abuja ake yanke su. Amma akwai matakan da gwamnatin Dauda Lawal da Majalisar Dokokin Jihar za su iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba.

Na farko, a sauya tarar nan take da takardar wa'adi a kan ƙananan lahani irin su madubi da fitila. A ba direba 'yan kwanaki ya gyara ya kawo a gani, idan ya ƙi sannan tara ta hau kansa. Ana yin haka a jihohin Amurka da dama da kuma Birtaniya, kuma hikimar a bayyane take: kuɗin ya tafi wajen bakanike, motar ta gyaru.

Na biyu, ZAROTA ta riƙa wallafa abin da ta tara daga tara, laifi-laifi, wata-wata. Hukumar da ke aiki don kare rayuka ba ta da dalilin ɓoye wannan lissafi, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu na da hurumin neman sa a zauren majalisa.

Na uku, gwamnatin jiha ta zaunar da ƙungiyoyin direbobi da kamfanonin inshora da na takaful, a samar da hanyar biyan ƙananan diyya cikin sauri: hoton ɓarna ta waya, lambar motocin biyu, shaidar shugaban tasha, wakilin kamfani a Gusau. Tunda jihar ce ke sabunta takardun mota, tana da bakin magana kan kamfanonin da ke cin kasuwa a ofisoshinta.

Na huɗu, a shigar da masu yankan gilashi da kanikawa cikin shirye-shiryen koyar da sana'a, su san bambancin gilashi mai doro da shimfiɗaɗɗe, 'yan kasuwa kuma su riƙa kawo gilashin shi kaɗai tare da faifansa, wanda ya fi cikakken madubi araha nesa ba kusa ba.

Ga matasan da ke bibiyar siyasa, akwai tambayoyi biyu da suka cancanci a ajiye wa duk mai neman ƙuri'a a 2027. Nawa aka karɓa daga direbobin Zamfara da sunan tara da inshora tun 2023? Direbobi nawa ne kuma aka biya diyya a cikin wannan lokaci? Amsoshin suna cikin littattafan hukumomi da kamfanoni, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumomin tarayya irin su NAICOM da FRSC ya nema, su kuma su amsa cikin kwana 7.